Guntun Takardar da Na Cire

Shahuci, cikin birni,
Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga 'yata Sa'adatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya kai ki Legas lafiya, ya tsare motar da direbanta, ya sa ki iske gidan yayanki cikin alheri. Allah ya kiyaye ki daga sharrin mutane, da sharrin wutar lantarkin da za ki riƙa aiki da ita a ma'aikatar da ta ɗauke ki.

Za ki tsinci takardar nan a jakarki, ƙarƙashin littattafai. Ummanku na ba wa ta saka. Gobe ba zan raka ki tasha ba, kuma kafin ki kai ƙarshe za ki san dalili. Labarin gida babu wanda ba ki sani ba, don haka ba zan ɓata takarda a kansa ba. Abu ɗaya ne ya zaunar da ni. Na rasa yayanki yana da ransa da lafiyarsa, shekara shida ke nan bai taka zauren gidan nan ba, ga shi ke ma wajensa za ki. Ina tsoron in rasa ki ta hanyar da na rasa shi. Sana'ar da na iya a duniya ita ce nuna kuskuren wasu. Yau nawa zan nuna.

Kin san shekara ashirin da huɗu na yi a gidan jarida. Da harhaɗa haruffan dalma na fara, da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kafin a ba ni tebur da jan biro a ce in riƙa duba kurakurai. A ƙarshen zamanin soja aka sayo mana kwamfuta ta tsara shafuka, tare da wani akwati da yake riƙe mata wuta idan ta gari ta ɗauke. Wata ranar Talata da azahar akwatin ya fara kuka kamar gyare. Edita ba ya nan, jarida kuma gobe za ta shiga inji. Na karanta littattafan lantarki guda biyu a rayuwata, kuma su ne suka cuce ni. Na ɗauki sukudireba na buɗe.

A ciki na ga wani baƙin abu mai santsi kamar gawayi, ɓari biyu, an naɗe tsakiyarsa da jar waya, an kama ɓarin biyu da wani ɗan ƙarfen matsi. Shi ne wanda kuke kira ferait. Matsin ne ya saki, shi ya kawo kukan. Da na raba su sai ga wani guntun takarda a tsakani, siriri, ruwan ƙasa, bai kai faɗin farce ba. Na ce a raina, ga sakacin ma'aikata, sun bar shara a cikin kaya. Na cire shi na yar. Na goge fuskokin biyu da hankicina, na shafa gam, na matse su har babu inda gashi zai ratsa. Na kunna. Shiru, kukan ya tafi. Har yau ina tuna daɗin da na ji.

Bai yi minti goma ba. Ana kunna na'urar fitar da shafi sai muka ji fas, hayaƙi ya taso da warin ƙonannen roba. Akwatin ya tafi, ya ja kwamfutar da shafi takwas na aikin mako guda. Jarida ba ta fito ba a makon. Aka ɗora laifin a kan wutar gari, wadda dama kowane laifi yana yi mata daidai, ni kuma na yi shiru. Har aka rufe gidan jaridar ban faɗa ba. Ke ce ta farko a gidan nan da ta ji.

To ga shawarata ta farko. Duk abin da kika tarar a cikin aikin wani, ba ki san dalilinsa ba, kada ki cire shi don ya yi miki kama da datti. Ki tambaya. Idan kuma kin riga kin cire har ya ƙone, ki faɗa a ranar. Shirun da na yi ya fi hayaƙin daɗewa a ƙirjina.

Ni aka ba akwatin in kai gyara. Na kai wa Malam Ado mai naɗin kwayil, wato wayar cikin injuna, a Ƙofar Wambai, wanda kika sani, mai rumfa kusa da masu robobi. Ya zaro baƙin ƙarfen, ya juya shi, ya ɗaga shi sama yana neman haske ta tsakani, bai samu ba.

"Malam Sani, wa ya ɗaura wa waɗannan auren da babu saki?"

Na ce haka na gan shi.

"Ina 'yar takardar?"

"Wace takarda?"

"Haba Malam! Kai da takarda take ciyar da kai, ita ka raina? Ai iska ake bar masa ya sha. Ƙarfe ma yana son numfashi. Ka toshe shi, ya shaƙe, ya saki wuta ta wuce kamar an ɓalle kwata da damina."

Kin san abin da na yi? Na tsaya ina gyara masa yadda ake faɗin sunan ƙarfen, don shi farati yake cewa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai ka iya sunansa, ni na san halinsa. To a cikinmu wa ya ƙona injin?" Mutanen rumfar suka yi ta dariya. Na fita ina cewa a raina jahili ne, ƙarfe ba ya numfashi. Shekaru na yi ina bi ta wani lungu don kada mu haɗu.

Za ki tarar da irin Malam Ado a inda za ki, masu baƙin hannu, masu karya sunan kaya. Idan ɗayansu ya dubi zanen na'urar da kika tsara ya ce wannan zai yi zafi, kada ki nuna masa takardar shaidarki. Ki ja kujera ki ce ya nuna miki.

Ban fahimci abin da ya faɗa ba sai bara, ranar Asabar ɗin nan da aka kawo wuta da hantsi, kika shimfiɗa tabarma a zaure da kwamfutar da kika aro don aikinki na ƙarshe a jami'a. Kika ce in zo in ga abin da kike yi tunda kullum ina tambaya. Kin zana baƙin ƙarfen nan a cikinta, ɓari biyu, da wayarsa, kina ƙara masa wuta ta ƙarya kina kallon abin da zai faru kafin a taɓa na gaske. Wani layi yana hawa kamar mai hawan Dala, can sai ya kai sama ya kwanta.

Kika sa yatsa kika ce, "Baba, nan ne ya ƙoshi."

Na ce, "Ƙarfe ba shi da ciki. Ki ce ya cika."

Kika ce, "Abin da ya cika ai ana ganin yana tumbatsa, Baba. Wanda ya ƙoshi kuwa baki kawai yake rufewa. Maganaɗisun da yake karɓa ya ishe shi, ko loma ɗaya ba zai ƙara ba, kuma ba zai gaya maka ba. Daga nan babu mai riƙe wutar, sai ta kwarara ta cinye abin da yake gabanta."

Na bar miki kalmar. A shekara ashirin da huɗu ban taɓa barin kalma ga wanda na girma ba.

Sai kika buga wata 'yar lamba, kika ce kin sa rata tsakanin ɓarin biyu, kaurin takarda. Layin ya rage miƙewa, ya tafi a hankali, ya yi nisa sosai kafin ya kwanta. Kika canza hoton zuwa mai launuka, kika nuna mini cewa yawancin ƙarfin da naɗin yake ajiyewa a cikin ratar nan yake taruwa, wurin da babu komai sai iska. Kika ɗaga kai kika ce, "Baba, lafiya?" Na ce hasken ne ya dame ni. Ba haske ba ne. Guntun takardar nan na gani a gabana, wanda na yar a kwandon shara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan tun kafin a haife ki. A harhaɗa haruffa, farin da yake tsakanin kalma da kalma ba ya zuwa da kansa. Wani ɗan guntun dalma ne, gajere, bai kai tsayin haruffa ba, don haka ba ya shan tawada, ba ya fitowa a shafi. Da hannu ake saka shi. Idan ka cire shi, kalmomi su cakuɗe, layi ya zube. Yatsuna sun saka dubbai. Yatsun sun sani, mai yatsun bai sani ba.

A ranar kin nuna mini wani abu kuma da nake so ki riƙe. Kin ce idan ba a gaya wa kwamfuta cewa ƙarfen yana ƙoshi ba, sai ta ja layi miƙaƙƙe har sama, ta ce komai lafiya, a ƙara wuta. Kuma layin ƙaryar ya fi na gaskiyar kyau a ido. Wannan na san shi. Akwai shekarar da aka kawo mana sanarwar ta'aziyya. Shafin gwaji ya fito tsaf, babu harafi ɗaya da ya karkace, sai na karanta shi shi kaɗai, ban ɗora shi kusa da rubutun hannun da aka kawo ba. Ashe an musanya suna, an sa na ƙanen a wurin na mamacin. Mutane suka yi ta cika ƙofar gidan mai rai suna salati. Kwana biyu sai ga shi a ofis da sandarsa, ya ce, "Salamu alaikum, na zo in ga wanda ya kashe ni, in ji ko na bar wasiyya." Ana dariya, amma matarsa da take ƙauye ta suma da aka karanta mata, kuma ba ta ƙara jin daidai ba.

Don haka, Sa'ade, kwamfuta shafin gwaji ce. Duk tsabtar abin da ta fitar, ki ɗora shi kusa da na gaske. Ki naɗa wayar, ki sa wuta, ki auna, ki taɓa ki ji ɗumi. Ke kika gaya mini ferait idan ya yi zafi da wuri yake ƙoshi, kuma lambobin da masu ƙera shi suke bugawa a saman takarda sau da yawa na ɗaki mai sanyi ne. Akwatin da za ki zana ba a ɗaki mai sanyi zai zauna ba. A shagon wani tela zai zauna, ƙarƙashin kwano, a tsakiyar bazara, ga injin ɗinki ga fanka ga dutsen guga. Ki gaya wa kwamfutarki wannan. Ba za ta tambaye ki ba.

Tun da farar hula suka dawo nake ganin irin layin nan miƙaƙƙe a bangon kowane lungu. Maɗaba'armu ta dā yanzu fastocin 'yan takara take bugawa, kowa ya yi alkawarin wuta ba ɗaukewa, kuma babu mai neman mai duba kuskure. Ban sa rai ba. Ina ganin ku da kuke ƙera akwatunan riƙe wuta za ku tsufa kuna da aikin yi.

Yanzu na zo kan abin da nake ta kewayewa.

Ni Sani ne, na biyu, shi ya sa Iya, kakarku, take kiran sunana. Yayana kuwa, ɗan farinta, har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Wancan take cewa, ko mai gidan Ƙofar Mata. Ba ta zama da shi su yi hira, ba ta yi masa faɗa a gaban mutane, in tana da magana sai ta aika. Da aka haifi yayanki, ranar suna ta gan ni na ɗauke shi ina kiran sunansa a tsakar gida, mata suna rufe baki. Ta kira ni ɗaki.

"Sani, ba ka da kunya ne? Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a sa shi a gaba. Ka ba shi rata."

Na ce, "Iya, wannan al'adar duhun kai ce. Littattafai sun nuna uba ya ja ɗansa a jiki."

Ta ce, "To. Littafin ya raina maka shi."

Ban ce duk abin da mutanen dā suka yi daidai ne ba, kuma na san mutum ba ƙarfe ba ne. Amma wancan ɗin da ba a kiran sunansa, duk Juma'a sai ya zo ya durƙusa a bakin ƙofarta da goro, har ya yi furfura. Nawa da na ja a jiki yana Legas.

Ban taɓa dukansa ba, kin sani. Abin da na yi ya fi duka naci. Kwano ɗaya muke ci, ina gyara masa yadda yake yanka loma. Littafinsa na makaranta, bayan malami ya duba, ni ma sai na bi da jan biro. Tafiyarsa, gaisuwarsa, karatunsa na sallah, abokansa, har karatun lauyan da na zaɓar masa. Komai na ce sai ya ce, "To, Baba." Ni kuma na ɗauka layin miƙaƙƙe ne, duk abin da na zuba yana shiga. Ban san ya daɗe da rufe baki ba.

A shekararsa ta uku a jami'a ya rubuto mini wasiƙa, muna gida ɗaya. Shafi biyu. Ya ce ba zai iya ci gaba da karatun ba, ba ya barci, yana jin kamar ana danne masa ƙirji, yana roƙo in saurare shi sau ɗaya. Na karanta, Sa'ade. Wallahi na karanta har ƙarshe. Amma hannuna ya riga zuciyata. Na ga ƙa babu lanƙwasa a wuri uku, na ga waƙafi inda aya ta kamata shi ma a wuri uku, na ga kalma ɗaya da ya maimaita. Kuskure bakwai. Na zagaye su da ja, na miƙa masa muna karin kumallo, da niyyar in ya gyara sai mu yi maganar. Ya duba, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu, ya ce, "To, Baba." Washegari da na dawo daga masallaci ɗakinsa a share, katifa a naɗe.

Idan wani ya kawo miki kukansa, ko da karyayyen harshe ne, ki ajiye biro.

Da a nan kuskuren ya tsaya da da sauƙi. Kin tuna a zaure na ce miki, to ai sai a buɗe ratar da yawa a huta? Kika ce a'a, ita ma tana da iyaka. In ta yi faɗi, maganaɗisun sai ya fantsama gefe ya riƙa gasa wayar, naɗin kuma ya rasa ƙarfinsa, ya koma waya kawai da aka murɗa. To bayan tafiyarsa sai na yi rantsuwa ba ni zan fara rubutawa ba, tunda shi ne ƙarami. Shekara ɗaya, biyu, ga shida. Yana aiko wa Ummanku saƙo, ni kuma a ƙarshe a ce, a gai da Baba. Ya yi aure, ƙanena ne ya karɓa masa. An haifa masa 'ya, a hoto na gan ta. Zafin kuma Ummanku yake gasawa, ita da take tsakani ba ta yi laifin komai ba. Na matse har ya ƙone, sannan na buɗe har babu abin da yake ƙetarawa. Ta kowane gefe na kuskure awon.

Na tambaye ki a ranar, kamar da wasa, ko kwamfutar tana iya lissafa ratar da ta dace tsakanin mutum da mutum. Kika yi dariya kika ce, "Sai ka fara ba ta halin ƙarfen, Baba, ita ba 'yar duba ba ce." Ba ki san inda maganar ta sauka ba. Ban san halin ɗana ba. Shekara ashirin da biyu ina gyara shi, ban taɓa auna shi ba.

Ga na ƙarshe, kuma naki ne. Takardar ɗaukar ki aiki ba ranar da na ba ki ta iso ba. Kwana tara ta yi a cikin babban ƙamusuna. Kullum in buɗe in karanta in mayar, ina cewa in wa'adin ya wuce shi ke nan, sai ki nemi koyarwa a nan kusa, in riƙa jin motsinki. Ummanku ce ta gani tana kakkaɓe kantar littattafai. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, ɗayan bai ishe ka ba?" Ki yafe mini. Na ga hoton a kwamfuta, na fahimta, na yi nadama, kuma duk da haka hannuna ya sake kaiwa ga gam. Shi ya sa ban yarda da kaina ba, kuma ba na jin zan canza a wannan shekarun. Idan na je tasha zan fara da gyara miki ɗaurin jaka, in ƙare da cewa ki fasa. Ke kuma mai kunya ce, kina iya cewa to, Baba. Na fi tsoron wannan kalmar a bakinki fiye da hanyar Legas.

Ba zan buga waya gidan yayanki ba. Ba zan aiko a tambaya mini ƙarfe nawa kike dawowa ba. Idan kin rubuto zan amsa, kuma na ba Ummanku jan birona ta ɓoye inda ban sani ba. Amma ki rubuto, Sa'ade. Ban san kaurin takardar da ya kamata in bari tsakanina da ke ba, ke ce mai awo. In kin ga na matso da yawa ki faɗa da baki, kada ki rufe. In kin ga shirun ya yi faɗi, ki rage shi daga ɓangarenki, don ni na nuna ban iya ba.

A cikin ambulan akwai wani ɗan guntun dalma a ƙunshe. Shi kaɗai na ɗauko ranar da aka rufe gidan jarida, irin wanda ake sawa tsakanin kalmomi. Ki ba yayanki. Babu rubutu a kansa, dama ba ya shan tawada. In ya tambaye ki mene ne, ki gaya masa yadda na gaya miki. In bai tambaya ba, kada ki ce komai, kuma kada ki rubuto mini cewa ya tambaya don ki faranta mini. Zan gane. Ban sa rai zai zo ba. Ina jin abin da ya ƙone ya ƙone.

Na bi wasiƙar nan sau uku kafin in ninke, kamar yadda na saba. Ki duba da kanki, daga sama har ƙasa babu sunansa ko sau ɗaya. Kunyar da Iya ta ce in yi ranar suna, yau na fara, bayan shekara ashirin da takwas, lokacin da babu wanda zai amsa ko na kira.

Allah ya tsare gabanki da bayanki. Allah ya sa abin da za ki ƙera ya amfani mutane, kada ya ƙone a hannun kowa. Allah ya ba ki abokan aiki masu gaya miki gaskiya, ya dawo mana da ke ina da sauran gani. Ki gai da matar gidan, ki shafa mini kan yarinyar. Ki gai da wancan.

Wassalam,
Babanki,
Sani.